Idon da Ya Rage wa Mai Hatimi

Shekara talatin da shida Baba Mai Hatimi ya yi yana aiki a ƙarƙashin matakalar wani bene da ke kallon kotu. Wurin bai fi faɗin tabarma ɗaya ba. Ƙaramin teburi ne, da kujera mai ƙafa uku, da gwangwanin madara cike da reza da tsinkayen ƙarfe waɗanda ya wasa da kansa. Duk mai son hatimi, lauya ne ko shugaban makaranta ko mai kanti, nan yake zuwa ya rubuta abin da yake so a takarda. Baba ya yanko roba, ya zana haruffan a juye, ya sunkuya ya yi ta sassaƙa.

In yana aiki, hancinsa kamar zai taɓa robar. Duk harafin da ya gama sai ya hura shi, fuu, ɓarɓashin ya tashi, ya duba da kyau, sannan ya kama na gaba. Har in yana cin abinci, matarsa Inna ta ce, yakan hura gefen faranti bai sani ba.

Ni maƙwabcinsu ne, katanga ce tsakaninmu. Abin da zan faɗa, yawancinsa daga bakinsa na ji shi, saura kuma daga bakin iyalinsa da abin da na gani da idona.

Idonsa na hagu ne ya fara tafiya. Hawan jinin ido ya cinye shi a hankali, babu ciwo babu ƙaiƙayi, kafin ya je asibiti an makara. Likita ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce, “Baba, na daman nan shi kaɗai ya rage maka. Ka riƙe shi hannu bibbiyu.” Ya ci gaba da aiki da ido ɗaya har shekara shida. Sai kuma hannu ya kama rawa. Ranar da reza ta suɓuce masa ta fille kan wani harafi a hatimin da ya wuni a kansa, sai ya ajiye rezar. Ya zuba kayansa a buhu ya dawo gida tun rana ba ta yi sanyi ba.

Shekara biyu ya yi a baranda yana faɗa da rediyo. Ya rame, ya daina tsokanar kowa. Inna takan ce, “Malam, ko share gida ka yi mana. Ka zauna kamar tsohon kabad, sai dai a zagaye ka.” Ba ya ko amsa mata, shi da a da ba a cin sa da baki.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, tana aiki a wani gari. Ita ce ta ga injin a wurin wata abokiyar aikinta: ɗan inji ne da ake ɗorawa a teburi, yana zane yana yanka katako da hasken lesa. Kai dai ka rubuta abin da kake so a kwamfuta, hasken ya bi layi ya ƙone shi a jikin katakon. Babu ruwansa da rawar hannu. Ta ɗauki hutu ta zo ta kai shi kantin da ake sayarwa.

Iri biyu mai kantin ya nuna musu. Ɗaya akwati ne rufaffe mai murfin gilashi mai duhu, da ka ɗaga murfin sai ya mutu da kansa. Ɗayan kuwa a buɗe yake, sanduna huɗu ne na ƙarfe da kan injin yana yawo a tsakiya.

“Baba, ga naka nan,” in ji mai kantin, ya dafa akwatin. “Hayaƙi ma ta bututu yake fita. Ka danna, ka koma gefe ka sha shayinka.”

“In koma gefe? To wa zai duba aikin?”

“Shi zai duba kansa.”

“Yaro, ni ban taɓa rufe aiki a akwati in juya masa baya ba. Wannan ai gawa ake yi wa haka.” Ya nuna buɗaɗɗen. “Wancan nake so.”

Uwata ta ce, “Baba, idonka fa.”

“Idona a fuskata yake, ba a hannunki ba.”

Mai kantin ya fito da wani koren tabarau mai kauri ya ce in dai buɗaɗɗen ne, to ko kunna shi kada a yi sai da wannan a ido, domin hasken ba ya yi wa mutum sallama. Baba ya yi alkawari. Uwata ta gaya mini daga baya cewa ta so ta kafe, amma rabon da ta ji mahaifinta yana musu da wani ya kai shekara biyu, sai ta kasa.

A ɗakin ajiya na bayan gida aka kafa injin, kusa da taga, da fanka tana kora hayaƙi waje. Mako guda Uwata ta yi tana koya masa tsohuwar kwamfutarta. Allo na farko da ya yi shi kaɗai, na ƙofar gidansu ne, ya fito da shi yana taƙama. Inna ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa.

“Malam, wannan sai baƙo ya zo da madubinsa?”

A juye ya tsara haruffan, yadda ya saba. Ranar na ji dariyarsa ta katanga, har da tari.

Daga nan gidan ya koma ƙamshin ƙonannen katako. Ya yi wa jikoki sunayensu a jikin rula. Ya yi wa Inna zanen ganye a cokulan katako. Ya yanka ƙananan tsuntsaye daga siririn katako ya rataye su a baranda. Kusan kowane gida a layinmu akwai mariƙin makulli daga hannunsa, kuma bai taɓa sayarwa ba, ya ce ya gama kasuwa, yanzu wasa yake yi. Ya san wane katako ne ke baƙi da wuri, wane ne ke son a bi shi sau biyu. Roba mai wari kuwa ya daina sa ta tun ranar da hayaƙinta ya kore su duka tsakar gida.

Tabarau ne kawai matsalar. Mai ido biyu ma duhu yake gani a cikinsa, balle mai ɗaya. Yakan fara aiki da shi a ido, kafin a kai rabi ya koma goshi. Ya ce shi ba ya kallon hasken, gefensa yake kallo.

“Tabaraun nan na goshi ne ko na ido?” Inna takan tambaya daga bakin ƙofa.

“Goshin ma ai yana son a kare shi.”

“Za ka yi bayani. Ni dai ba zan ja ka da sanda ba, gwiwata ba ta da lafiya.”

Sai ya sauke shi. Tana juya baya ya koma inda yake.

Yana da aboki guda mai gyaran agogo, ana ce masa Mai Agogo, wanda suka yi shekara ashirin suna raba inuwar benen nan. Kullum da yamma yakan zo da kekensa, ya zauna a kan buhun gawayi yana kallon injin yana taɓe baki.

“Hatimi, yanzu kai ne mai aikin ko shi?”

“Ni ne kai, shi ne hannu.”

“To an yi asara, da hannun aka ba wa kan.”

“Kai da ka shekara arba'in kana gyara lokaci, ko sau ɗaya ba ka taɓa zuwa a kan lokaci ba.”

Wata Talata da hantsi Mai Agogo ya zo ba lokacin zuwansa ba. Ya kwance agogon hannunsa, wanda yake ɗaure da shi tun yana saurayi. Autansa ya samu aikin tuƙi a nesa, jibi zai tafi, shi kuma uban yana so a rubuta sunan yaron a bayan agogon ya ba shi kyauta. Bayan na farin ƙarfe ne, ya goge shi yana ƙyalli har mutum na ganin fuskarsa.

Baba bai taɓa yi a ƙarfe ba. Bai yi garaje ba, ya kira mai kantin a waya. Mai kantin ya ce zai yiwu, amma ƙarfe mai ƙyalli yana mayar da haske, don haka a fara shafe shi da baƙin fenti ya bushe, kuma tabarau kada ya bar ido ko na ƙiftawa ɗaya. Baba ya bi komai. Ya cire murfin bayan agogon, ya shafa fenti, ya shanya a rana. Ya gwada sunan a guntun katako har sau uku. Ya kori Mai Agogo baranda, ya ce ba ya son surutu. Ya sa tabarau a ido sosai, ya danna.

Harafi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Baƙin zane a kan baƙin fenti, a cikin koren duhu, ba ya ganin komai sai ɗigon haske yana rarrafe. Ga shi kayan mutane ne, kuma guda ɗaya ne, in ya ɓaci ya ɓaci. A harafi na uku sai ya ga kamar wani abu ya ɗago a bakin layin, ɗan ɓawon fenti.

Ya rantse mini bai yi niyya ba. Ya ce hannunsa ne ya tafi da kansa ya ture tabaraun, wuyansa ya sunkuya da kansa, bakinsa ya hura. Fentin ya tashi, farin ƙarfe ya bayyana, hasken yana kai.

Bai ji zafi ba. Wani shuɗin walƙiya kawai ya gani, da ɗan sauti kamar an fasa ƙwai a cikin kansa. Ya ja da baya, ya laluba ya kashe injin. Ya ɗaga kai ya kalli taga: ga bangon dama, ga na hagu, tsakiya kuwa babu taga, sai wani baƙin tabo kamar an dangwala babban yatsa. Ya kalli hannunsa, tabon ya bi shi. Ya rufe ido ya buɗe, yana nan.

Ya fito ya ce wa Mai Agogo fentin bai kama ba, ya dawo gobe. Da gobe ta yi ya ce a gaya masa ba ya jin daɗi. Kwana uku yana ɓoyewa, yana jiran tabon ya wuce. Yana ɗiga maganinsa sau biyar maimakon biyu. A rana ta uku da safe Inna ta miƙa masa kofin shayi, ya kai hannu ya kama iska. Ta tsaya. Ta matso gabansa ta tsugunna.

“Malam, kalle ni.”

Ya kalli kafaɗarta.

“Fuskata na ce.”

“Ita nake nema,” in ji shi.

Inna ba ta yi faɗa ba. Wannan ya fi damunsa, ya ce da ta zage shi da ya ji sauƙi. Ta ɗauko mayafinta ta buga mini ƙofa in nemo musu mota.

Likita ya daɗe yana haska idon. Ya ce tsakiyar wurin gani ce ta ƙone, kuma abin da ya ƙone a wurin ba ya tsirowa. Gefe-gefe zai ci gaba da gani, zai iya yawo a cikin gida, zai gane ƙofa. Amma karatu, da rubutu, da fuskar mutum in ya kalle ta, waɗannan sun tafi. Baba ya tambaya ko da ya zo tun a ranar, da an iya yin wani abu. Likita ya ce ba lallai ba. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko tausayi ne.

Uwata ta zo ta yi kwana biyu tana kuka a ɗakin girki, tana cewa ita ta kawo masa. Ya kira ta ya ce, “Ke kika zaɓa? Ke kika hura? To ki bar ni da abina.” Ta so ta tafi da injin, ya hana. Inna ta lulluɓe injin da tsohon zani ta kulle ɗakin.

Mai Agogo kuwa ya ɗauke ƙafa. Yaronsa ya tafi ba agogo. Muna ganin kekensa yana wucewa ta bakin layi, ba ya shigowa. Baba ya koma baranda, amma yanzu ko rediyon ba ya kunnawa. Duk ƙarar keken da ya ji sai ya karkata kai, in ta wuce ya mayar.

Sai da aka yi mako uku. Ina zaune da shi da yamma muka ji an jingine keke. Mai Agogo ya shigo ya yi sallama da wata murya da ban san shi da ita ba, ya tsaya a gaban Baba, hula a hannu.

“Wane ne?”

“Ni ne.”

“Ni wa? Ƙafafu nake gani da gefen riga.”

“Hatimi, da na sani da ban kawo ba. Wallahi da na sani...”

“Yau ma ka makara, mako uku cur.” Baba ya laluba ya jawo kujerar da ke kusa, ya ajiye ta daidai kafaɗarsa ta dama. “Kada ka tsaya mini a gaba, duk wanda ya tsaya nan ba na ganinsa. Zo nan gefe.”

Mai Agogo ya zauna. Baba bai juyo ba, ya ci gaba da fuskantar katanga, yana leƙen abokinsa ta wutsiyar ido. Ya daɗe a haka.

“Ka rame,” ya ce.

Mai Agogo ya rufe fuskarsa da hular. Na tashi na ba su wuri.