Yabon da Baba Ya Ba Taubashiyata

Baba yana da wata kalmar Turanci da ba ya yi wa kowa kyautarta: ofin-maindid. Tsohon malamin makaranta ne, kuma a fassararsa, shi ne mutumin da za a ce masa ga wata hanya, ya tsaya ya duba kafin ya ce a'a. Na san ta tun ina sakandare. Bai taɓa faɗa mini ita ba.

Shekarar da na gama jami'a, 'yar gwaggona ta zo daga Buji ta yi mana wata biyu a unguwarmu Takur. Taubashiyata ce, don haka ba ta raga mini.

"'Yar boko, a sauko daga gajimare a tankaɗe gari!"

Wata Asabar tana zuba alale a gwangwani, maƙwabciyarmu Bayarabiya ta shigo ta ce su a ganye suke naɗewa. Ni na riga na taɓe baki. Ita kuwa ta ture gwangwanayen ta ce, "Mama, zauna ki nuna mini." Na farko ya tsiyaye a tukunya. Ta yi dariya har da hawaye, ta sake naɗewa.

Baba ya ci biyu, ya ji labarin, ya dubi taubashiyata ya faɗi kalmar.

"Kawu, zagi ne ko yabo?"

Ya zauna ya yi mata bayani a hankali, da muryar da nake zaton tawa ce ni kaɗai. Na ture sauran alalen gefe. Takaicin ma, ya yi daɗi.

Ni waƙa nake rubutawa, kuma duk baitin da Baba ya taɓa sai na kare shi kamar kaza da 'ya'yanta. Washegari da hantsi na kai masa wadda na fi so, a kan duwatsun garinmu bayan ruwan sama. Ya ce wannan layin ya yi tsawo, na soke. Ya ce kalmar nan fa? Na canza. Gyara bakwai, ban yi musu ko sau ɗaya ba. Ina ta kallon bakinsa.

Ya cire tabarau ya daɗe yana dubana.

"Uwata, ba ki da lafiya ne? Gyara uku daga ciki ni kaina ban yarda da su ba. Jira nake ki yi faɗa."

Ya miƙo mini takardar.

"Wannan kuma ta zama tawa. Je ki dawo mini da taki."

Daga madafa na ji taubashiyata tana tambayar inda ake sayar da ganye.