Hannun Marini a Ƙofar Ɗakin Karatu

Ni da Baffa, ƙanin mahaifina, aji ɗaya muka yi. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina ɗinki a bakin kasuwa, shi kuwa ya ba sittin baya, kuma tun kafin a haife ni yake rini a karofin da kakanmu ya haƙa a bayan unguwar Hausari bayan ya taso daga Kano. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tattara su tafi, aka buɗe ajin manya a zauren mai unguwa. Da an sallame la'asar sai mu hallara, kowa da 'yar tabarmarsa, mu da 'yan Bolewa biyu da wasu manoman Danchuwa masu cin rani a gari, muna bin malami da baki kamar yara.

Ni don wasiƙa na shiga. Baffa kuwa da aka tambaye shi cewa ya yi ya gaji da a riƙa karanta masa abu ana tsallake inda aka ga dama. Ya yi karatun allo gwargwado, yana biya Alƙur'aninsa, amma baƙaƙen boko ba su taɓa haɗa hanya da shi ba. Duk ajin ba wanda ya kai shi naci. Yakan ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma ya bi ta sannu a hankali, ba ya ɗagawa sai ya furta ta, ko da kuwa duk mun ƙosa.

A shekararmu ta biyu na lura kullum tabarmarsa matsawa take yi kusa da allo. Da kyar na ja shi ɗakin shan magani. Malamin wurin ya buɗe idon ya duba, ya ce yanar ido ce ta fara hawa, duka biyun, kuma ba shi da abin da zai yi mata. Ya ce za ta rufe, ko bana ko baɗi. Da muka fito ina ta neman abin da zan faɗa, sai Baffa ya ce, "To, ashe sauri ya kama mu." Bai ƙara ta da zancen ba.

Muka ci jarrabawa, aka ba mu takardar shaida. Daga nan ne muka gane ba mu da abin karantawa. Littafin koyon da aka raba mana mun haddace shi har ya yi laushi kamar tsumma, sai wata 'yar takarda ta yadda ake haƙa masai. Malaminmu ya ce ai don irinmu aka gina ɗakin karatu, mu je, kyauta ne. Ya kuma ce wa Baffa cikin raha akwai wani littafi na labarin ƙasashe, a ciki har da wata ƙasa ta can gabas mai nisa inda ake noma baba ana rini kamar namu. Baffa ya gyara zama. Ya ce shi wannan zai gani da idonsa, ya ji ko marubucin ya san abin da yake faɗa ko kuwa labari aka ba shi.

Ɗakin karatun wani ɗan gini ne mai rufin kwano, da benci huɗu da teburi da kabad biyu masu gilashi. Wanda aka damƙa wa shi tsohon duba-gari ne, mutumin da ya shekara ashirin yana leƙa randunan mutane. An raba shi da aikin, amma ba a raba shi da halin ba. Dokokinsa biyu ne. Littafi ba ya fita ko nan da ƙofa. Sannan a bakin ƙofar akwai daro da ruwa da guntun sabulu, ka wanke hannu ka miƙa masa, ya duba ciki ya duba baya, kafin ka taka ciki. Ban ce dokar banza ce ba. Akwai mahauta a garin, akwai masu tuyar ƙuli-ƙuli, kuma takarda ba ta son maiƙo.

Ranar farko Baffa wanka ya yi, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ninke takardar shaida a aljihu. Na wanke hannu na nuna, aka ce in wuce. Baffa ya wanke nasa ya miƙa. Wanda ya san hannun marini ya san abin da malamin ɗakin ya gani: shuɗi har gwiwar hannu, faratan kuwa baƙi wuluk.

"Baba, koma ka wanke," in ji malamin.

Baffa ya koma ya sake cuɗawa da sabulu, ya dawo.

"Bai fita ba."

"Ba ya fita, Malam. Baban rini ne. Shekara arba'in ke nan."

"To, ba za ka taɓa mini littafi da wannan ba."

Na ce, "Malam, ai launi ne, ba dauɗa ba. Da shi yake alwala, da shi yake cin tuwo." Baffa ya kama gaban farar rigarsa ya murza da hannu biyu, ya murza sosai, sannan ya ware ya nuna masa. Fes take. Malamin ya dubi rigar, ya ga abin da kowa ya gani, ya kau da kai.

"Doka ba ta ce a goga a riga ba. Cewa ta yi hannu mai tsabta."

Wani manomin Danchuwa da muka yi aji tare yana zaune a ciki, ya leƙo ya ce, "Malam, wannan tsoho shi ne ya fi mu karatu duka. Bar shi ya shiga mana." Malamin ya ce masa in ya ƙara magana shi ma waje zai yi.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Da a ce mutumin bai gane ba ne, da na yi masa uzuri. Ya gane sarai. Ya dai riga ya ce a'a a gaban mutane, kuma irinsu sun gwammace komai ya lalace da a ce sun janye magana.

Ni tela ne, sai na yi dabarar tela. Na ɗinka wa Baffa safar hannu da farin akoko, yatsa biyar-biyar, ya sa muka koma. Malamin ya yi dariya har da buga teburi, ya ce shi hannu yake dubawa, ba jaka ba. Na ce to ya bari ni in riƙe littafin, Baffa ya karanta hannunsa a baya. Ya ce ai ba a shiga sai an nuna hannu, kuma in ya buɗe wannan ƙofa gobe duk 'yan karofi a nan za su tare. Na je wurin malaminmu na aji. Ya yi salati, ya nuna takaici, sannan ya ce shi koyarwa aka ba shi, ɗakin karatu ba a ƙarƙashinsa yake ba, kuma ba ya son a ce ya shiga sharo ba shanu. Na je wurin wanda aka ce shi ne a kan ɗakin, sau uku, kullum ya fita rangadi. Na roƙi wani direban babbar mota ya nemo mana littafin a Kano ko Jos. Ya dawo bayan wata guda da wani littafin Turanci mai hotunan jiragen ƙasa, yana jiran in gode masa.

Na ce wa Baffa bari in riƙa shiga ina karantawa, in zo in ba shi labari, ko in kwafo masa a takarda. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Shekara biyu ina zaman tabarma da sa'o'in 'ya'yana don a zo a ba ni labari? Ko don in karanta wannan jagwalgwalon naka?"

Gaskiyarsa ne, rubutuna a lokacin ni ma sai na yi da gaske nake gane shi.

Wata safiya 'ya'yansa suka fito karofi suka tarar da shi zaune a kan turmi, hannuwa a cinya. Ya ce daga yau ba ya ƙara tsoma hannu a baba sai ya karanta littafin nan. Aka yi zaton wasa ne. Mutumin da ke gane ruwan rini ya nuna da taɓawa kawai, ya zauna yana kallon samari suna ɓata masa aiki, yana gyara musu da baki. Wani lokaci sai ka ga ya miƙe har ya kai hannu bakin rijiyar rinin, sai ya tuna, ya koma ya zauna. Masu kawo zane suka fara cewa rinin gidan ya canza, wasu suka koma wani karofi. Da yamma kuma Inna, matarsa, ta kawo toka da lemun tsami da yashi, ya yi ta dirza har fatar ta tsattsage tana jini. Inna ta yi faɗa ta gaji, ta koma shafa masa man shanu tana tsine wa ɗakin karatu da wanda ya gina shi.

Fatar ta washe cikin 'yan makonni. Faratan ne suka ƙi. Farcen marini ba ya wankuwa, sai dai sabo ya tsiro ya turo tsohon, kuma farcen tsoho ba ya sauri. Muka koma da fata fes, malamin ya kama yatsun ya juya, ya ce, "Saura nan." Kowace Juma'a wanzami ya zo ya yanke ɗan abin da ya fito, Baffa ya ɗaga hannun kusa da fuska yana auna farin da ya ƙaru. Tun yana ɗaga shi kamu guda daga ido, har ya koma yana kai shi dab da hanci. Daga baya ya daina dubawa, sai ya miƙo mini ya ce, "Ya kai ina?"

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Duk watannin nan ina shiga ɗakin. Na karanta littafin nan sau biyu. Ɗan ƙarami ne, da na zura shi a aljihun 'yar shara ba wanda zai sani sai an zo ƙirga, kuma kwana uku sun ishi Baffa. Na yi wannan tunani ba sau ɗaya ba. Tsoro ya hana ni, kada a ce tela ɗan gidan mutunci ya yi sata, kada a hana ni shiga ni ma. Na zauna ina lallaɓa mutuncina, idon Baffa yana rufewa. Ban yafe wa malamin ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yafe wa kaina ba.

Wata na bakwai wanzami ya yanke baƙin ƙarshe. Washegari da hantsi muka tafi, ina riƙe da hannun rigarsa saboda kwatoci. Ya wanke hannu a daro, ya miƙa. Hannuwan sun yi fari sun yi laushi, kamar ba nasa ba. Malamin ya duba ciki, ya duba baya, ya bi faratan ɗaya bayan ɗaya.

"Yauwa, Baba. Ka gani? Da ma abin ba wuya. Bismilla."

Da kansa ya buɗe kabad ya ɗauko littafin, har da hure masa ƙura, yana murmushin wanda ya gyara wani. Na zaunar da Baffa a bencin da ke jikin taga, inda haske ya fi yawa, na buɗe masa daidai shafin. Ya shafa takardar da tafin hannu. Ya ɗora yatsa a saman shafin yadda ya saba, ya sunkuya. Ya ɗaga littafin ya kai shi kusa, ya karkata shi wajen taga, ya rufe ido ɗaya, ya sake gwadawa da ɗayan. Ina tsaye a kansa ina jiran in ji kalmar farko. Yatsan bai motsa ba.

Can ya ce, a hankali don kada malamin ya ji, "Nan akwai rubutu, ko hoto ne?"

Na ce, "Rubutu ne, Baffa."

Ya rufe littafin, ya daidaita gefensa, ya miƙa mini da hannu biyu.

"Mayar masa. Ka ce ya duba, ban ɓata ba."