Inna Zinatu, Mai Gidan Tsofaffin Arlit

Ranar Talata, tara ga watan Fabrairu na shekarar 2021, ina bakin ramin zinariya a Cibarakaten aka kira ni a waya, aka ce Allah ya yi wa Inna Zinatu rasuwa a asibiti, bayan gajeriyar jinya. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Kafin in sami motar da za ta ratso da ni hamada, an riga an kai ki makwancinki, Inna. Abin da ban samu na faɗa a wurin zaman makoki ba shi nake rubutawa.

Wanda bai san Arlit ba zai yi mamakin jin gidan tsofaffi a cikinmu. Amma garin nan na baƙi ne. Mutane sun zo daga Maraɗi da Damagaram da Tawa suna samari, suka shiga ramin yuraniyom, suka fito da furfura da tari. Da aiki ya ja baya, wasu suka koma gida, wasu kuwa suka tarar ba sauran wanda za su koma wurinsa. Ke ba ki taɓa shirya buɗe gida ba. Tuwo kike sayarwa bayan rasuwar mijinki, har ranar da kika tarar da Aghali, wani makiyayi daga Gugaram da fari ya cinye masa dabbobi, kwance a bayan rumfarki zazzaɓi ya kayar da shi. Kika sa aka ɗauke shi zuwa zaurenki. Da ya warke bai da inda za shi, kika ce ya zauna. Daga shi sai wani, sai wani. Ko lokacin tawaye, da hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soja, hatsi ya yi wuya, ba ki sallami kowa ba. Kunu ya ƙara ruwa, amma kowa ya sha.

Ni Moïse, ɗan Luka makaniki, Kirista ne, haka mahaifina. Da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ni da mata, ba ni da 'yar'uwa a kusa, abincinmu kuma yana can wurin zinariya. Na kawo shi ina jin nauyi, ina ta kame-kamen bayanin addininmu. Kika katse ni, kika tambaye ni ko yana iya haɗiyar tuwo ko sai an dama masa fura. Iyakar tambayarki ke nan.

Sai cutar korona ta zo. Gwamnati ta ce kowa ya sa takunkumi, a daina cunkoso, kuma jami'an lafiya na gari suka umarce ki da ki rufe ƙofa ga masu ziyara, domin tsofaffi cutar ta fi kamawa. A kasuwa mutane na cewa ciwon Turawa ne, zafin Arlit zai kashe shi. Ke kika ce ba ki san gaskiyar wannan ba, abin da kika sani shi ne ƙirjin mutanenki ya riga ya gaji, ba za ki gwada da su ba. Kika rufe ƙofa. An zage ki, an ce kin mayar da gida kurkuku. Sai kika kira magini ya fasa taga a katangar da ke kallon titi, kika jera kujeru a ciki nesa kaɗan. Nan muke tsayawa mu gaisa da iyayenmu.

Amma ba ki bi doka ido rufe ba. Tsofaffin da takunkumi ke toshe wa numfashi suna ta shaƙewa, sai kika yafa mayafi kika tafi wurin jami'in lafiya da kanki. Kika roƙe shi a bar tsofaffin su sha iska a tsakar gida, ku masu fita kasuwa ku dawo ku ne za ku rufe fuska, tunda ku ne za ku iya shigo da cutar. Mutumin kirki ne, ya zo ya gani da idonsa, ya amince.

Akwai Almustafa, wanda ƙarar inji ta kashe wa kunne, da kallon leɓe yake gane magana. Da fuskoki suka rufu, duniya ta yi masa shiru, har ya daina cin abinci. Ke kika gano dalili. Kowace safiya sai ki zaunar da shi a inuwa, ki ja baya can ƙarshen tsakar gida, ki sauke takunkumi ki ba shi labarin gari a hankali, har da tsegumin da bai tambaya ba. Kafin mako ya zagayo ya koma neman ƙarin miya.

Da ciwon mahaifina ya tsananta, kika nemo mini izini na shiga ni kaɗai. Na wanke hannu, na rufe fuska, na durƙusa a gefensa. Ya dube ni kamar baƙo, ya juya kai. Na kai hannu zan fizge takunkumin, sai kika riƙe ni, domin akwai wasu tsofaffi kwance a ɗakin.

Kika ce, "Yi masa magana, ɗana. Ai ba a rufe muryarka ba."

Na kira shi Baba, na fara waƙar majami'a da yake yi mini ina yaro. Ya matse yatsuna. Ashe kin riga kin aika a kira fasto, yana tsaye a bakin taga yana addu'a, ke kuma kina gefe kina jan carbi. Haka ya cika.

'Yarki Balki ta gaya mini yadda ƙarshenki ya zo. Da kika ji zazzaɓi da tari, ba ki sake shiga ɗakin kowa ba. Kika miƙa mata ludayi daga nesa, kika nufi ƙofar baya za ki asibiti. Ta ce ki tsaya ko sallama ki yi musu, kika ce, "In na tsaya za su taso su riƙe ni." Ba wanda ya kamu a cikinsu, Inna. Aghali, wanda ya fi kowa daɗewa a hannunki, har yanzu bai yarda ya zauna a wurin da kike zama ba.

Ana ta maganar za a rufe wani ramin yuraniyom, gari zai ƙara tsufa, masu buƙatar irin gidanki za su ƙaru. Balki ta ce ba za ta kori kowa ba. Mu da muka ci alherinki, masallaci da majami'a, mun yi mata alkawari ba za mu bar ta ita kaɗai ba.

Allah ya jiƙan ki, Inna Zinatu, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya karɓe ki yadda kika karɓi bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Balki da ƙaninta Fatahu, da danginku na Damagaram, da dattawan da suka zama marayu da furfura a kansu. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu baki ɗaya. In tamu ta zo, Allah ya sa akwai mai riƙe mana hannu. Amin.