Tsohuwar Japan a Kabad ɗin Ummi

Shekarun baya, lokacin ina aikin karɓar baƙi a wani otel na alhazai a unguwar Kudai, ƙawata ta turo min wata sanarwa. Wani ƙaramin kamfani ne ke neman masu ɗora murya da Turanci a kan katun na Japan. Turancina a bakin alhazai ya goge, amma na ce bari in gwada.

Na sa rai za a ba ni gimbiya. Sai aka ba ni tsohuwa mai sayar da taliya, wadda ɗanta zai tafi aikin jirgin ruwa. Gidanmu a unguwar Hindawiyya hon ɗin tasi ba ya yankewa, don haka cikin kabad ɗin mahaifiyata nake shigewa in ɗauki muryar da wayata, tsakanin abayoyi, ina zufa.

Sau biyu daraktan shirin yana dawo min da aikin. Ya ce kukan ya yi yawa, in na uku bai yi ba zai nemi wata.

Ina cikin na ukun bayan la'asar, ina rusa kuka, sai aka buɗe kabad. Mahaifiyata ce riƙe da gorar zamzam, ta zaci aljanu ne suka taɓa ni.

"Ummi, aiki nake yi," na ce, na nuna mata wayar.

Ta harare ni, ta harari tsohuwar da ke fuskar wayar. "Me take cewa?"

Na fassara mata: ɗanta ne zai tafi, tana ce masa ya ɗauki rigar sanyi.

"Shi ne kike ihu? Uwa ba ta kuka a gaban mai tafiya. Faɗa take masa. Ranar da zan baro Sudan, innata faɗan takalmi ta yi min har mota ta tashi." Ta nuna min cikin kabad ɗin. "Yalla, maza koma ki yi masa faɗa."

Na koma na yi faɗan. Washegari daraktan ya ba ni tsohuwar har ƙarshen shirin.

Yau ina da ɗan ɗakin ɗaukar murya, na yi muryar mayu, na yi ta sarauniya ɗaya. Amma har gobe idan na tuna, labarin takalmin ne ke tsaya min. Shekara talatin muna gida ɗaya, ban taɓa jin yadda ta rabu da mahaifiyarta ba sai ranar.

Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma duk mako sai ta tambaye ni ko yaron nan na katun ya kira uwarsa.