Kuskuren Kawu Ja'afaru

Duk babbar rigar da Kawu Ja'afaru ya yi wa aiki a 'yan shekarun nan, akwai ɗinki uku karkatattu a ƙasan aljihunta. Kowane mai riga yana zaton tasa ce kaɗai. Ni da nake ninke su idan na je gaishe shi, na lura kullum wuri ɗaya ne.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shekara arba'in yana zaurensa a Ƙofar Kuyambana da allura, har hannunsa ya daina kuskure. Wannan ne ya jawo masa. Da kekunan ɗinki masu kwamfuta suka shigo gari, wani tsohon mai ba shi aiki, Alhaji Mustapha, ya dawo da riga, ya ce hannun ɗan Adam ba ya miƙewa haka, inji aka kai wa. Maganar ta zaga masallacin unguwa, mutane suka fara ɗauke ƙafa daga zauren.

Kawu bai yi rantsuwa ba. Ya ce Alhaji ya dawo Juma'a, kafin ranar shi Kawu ya warware ɗinki uku masu kyau, ya mayar da su a karkace. Alhaji ya gano su da kansa, ya yi ta nuna wa abokai, yana cewa ga shaidar hannu. Aiki ya dawo.

Watan jiya na ga tallan Ɗanladi mai keken kwamfuta a wayata. Ashe ya ɗauki hoton rigar Alhaji a wani ɗaurin aure ya ba injinsa, inji kuwa ya kwafe har karkacewar, an rubuta "aikin hannu" a ƙasa. Sai da na yi kwana biyu kafin na iya nuna wa Kawu.

Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsu.

"Radiya, shekara arba'in ina yin daidai, ba wanda ya kula. Da na fara ɓatawa, har inji ya zama ɗalibina."

Na tambaye shi ko zai yi wa Ɗanladi magana. Ya ce a'a, yaron bai yi laifi ba, darasin farko kawai ya ɗauka. Daga yau kowace riga da nata wurin daban da za a ɓata ta, in inji na so ya yi ta bin ɗaurin aure.

Ya jawo wata shuɗiyar shadda da ya gama jiya, ya juya bayan wuyanta, ya lashi bakin zare ya zura a allura.