Manhajar Yaya Fa'izu da Alƙaluman Baba

Yayana Fa'izu ya gama jami'a a shekarar da soja suka koma bariki. Sa'anninsa kowa ya bi wani ɗan siyasa da jaka, shi kuwa ya dawo gidanmu a Koki da tsohuwar kwamfuta da taurin kai.

Mahaifinmu, Malam Isyaku, mai zanen riga ne. Shi ke zana aska takwas da tambari a kan shadda da alƙalamin kara, masu ɗinkin hannu su bi sawunsa da zare. Idonsa ya fara rauni, zanen nan kuma duk a kansa yake, ba a takarda ba. Fa'izu ya ce zai haɗa manhaja ya adana su kafin su ɓace. Niyya dai mai kyau, ban hana shi wannan ba.

Abu biyu ya ɗauko, kowanne da masu shi. Na farko ginshiƙi ne da ke ba manhaja taga da maɓallai, ta yi aiki a kowace irin kwamfuta. Na biyu kayan zane ne da wasu can daban suka rubuta. Su biyun nan ba sa ga maciji. Kayan zanen su zana aska, ginshiƙin ya shafe ta da fari. Ɗaya yana fara lissafi daga saman allo, ɗayan daga ƙasa, sai askar Baba ta fito tana kallon sama. Ya gyara a wannan kwamfuta, ta wargaje a waccan.

Shekara uku yana sulhu tsakaninsu. Ya rame, budurwarsa ta gaji ta kama gabanta. Baba kuwa kullum da hantsi zai zauna a zaure ya zana masa ɗaya, yana cewa, "Kwafi a hankali, kada ka cinye mini wutsiyar nan." Wata 'yar lanƙwasa ce yake yi a gindin tambari, shi kaɗai ke yin ta.

Da abin ya daidaita, sai Fa'izu ya kamu da ciwon son a gani. Duk wanda ya ce kwamfutarsa daban ce, sai ya miƙa masa faifan manhajar, da zanen Baba a ciki, ya ce, "Gwada a taka." Har Alhaji Audu, dillalin riguna da ya shekara ashirin yana kawo wa Baba aiki, ya zo yana murmushi.

"Fa'izu, tawa fa haɗe take da wani inji da na sayo a waje. Ba na jin manhajarka za ta hau."

"Za ta hau, Alhaji."

Ta hau kuwa. Injin na ɗinkin riga ne, abin da ake wata biyu ana yi ya gama shi kafin la'asar. Alhaji bai sake taka zaurenmu ba, sauran dillalai suka bi shi. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake yi.

Wata Juma'a a sahu Baba ya ga rigar na gabansa. Ya matsa, ya shafa, ya ji wutsiyar nan tasa a gindin tambarin. Da ya dawo ya kira Fa'izu.

"A tasu ma ta yi aiki?"

"Ta yi, Baba."

"To madalla. Ba ka cinye wutsiyar ba."

Ya tattara alƙalumansa kaf ya miƙa wa mahaifiyarmu, ya ce ta hura wutar tuwo da su. Tana kuka ta hura. Da aka kwashe, ya ce ni zan kai wa Fa'izu malmalar farko, in tsaya a kansa sai ya cinye.

Na tsaya. Ya cinye.