Gudumar Malam Ta Je Kaduna Ta Dawo

Ku matan ajinmu na makarantar manya kun dame ni da tambayar abin da ya kai ni Kaduna. To ga shi na rubuta da hannuna, kowa ta karanta ta bar ni in huta.

Jakara zuwa Unguwa Uku

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da maigidana Malam Sabo. Wadda ba ta san shi ba, fanalbita ne, mai daddale jikin mota idan ya lotsa. Tun yana saurayi yake da rumfa a Ƙofar Mazugal, amma tun bara hannunsa ya fara rawa, masu kawo aiki suka janye, ya koma zaman zaure. Sai ga waya daga Alhaji Habu, tsohon mai kawo masa motoci da ya koma Kaduna, wai ƙofar sabuwar motarsa mai caji ta lotsa, kuma ba wanda zai taɓa ta sai Sabo. Ranar Malam har aski ya je.

Na ce sai na bi shi. Ya ce, “Ke Hajara, unguwa za ni?” Na ce, “Wa zai karanta maka allon hanya?” A gaskiya hannun nake tsoro.

Adaidaita ta kai mu tasha. Yaran mota suka ce a sa buhun kayan aiki a but, ya ƙi, ya ɗora a cinya.

Kwanar Dangora da Zariya

A shingen Kwanar Dangora ɗan sanda ya leƙo ya ce, “Baba, me ke cikin buhun?” Malam ya zaro guduma, ƙotar ta yi baƙi don riƙo. Ya ce, “Aiki aka kira ni Kaduna.” Sau biyu ya faɗa, don mutanen mota su ji.

A Zariya muka sha shayi da biredi. Rabin nasa a riga ya zube. Na yi kamar ina kallon masu rake.

Kaduna

Kafin azahar muka sauka Kawo, direban Alhaji ya zo ya ɗauke mu a cikin motar da ake magana. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ka ce a kan tabarma ake jan ka. Ƙofar baya kuwa ga lotsawa kamar tafin hannu, wai mai kurar ruwa ne ya goge ta.

Alhaji ya tare mu da fara'a, aka ci tuwon shinkafa, sannan Malam ya tsuguna gaban ƙofar. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne. Ya fito da mayen ƙarfe ya manna, abin ya faɗo ƙasa. Ya sake mannawa, ya sake faɗowa.

Direba ya ce, “Alminiyam ne, Baba. Bambar kuma roba ce, ko ka danna ta da gwiwa dawowa take. An yi su ne don motar ta yi sauƙin nauyi.”

Malam ya ce a samo wuta ya ɗan gasa wurin. Direba ya ce a'a, batir na ƙarƙashi, an hana kawo wuta kusa.

Malam ya juyo ya ce min a hankali, “Ƙarfe yana tuna yadda yake, lallashinsa kawai ake ya koma. Wannan ba ya tuna komai.”

Na ce, “To bar shi, Malam. Mu tafi.”

Ya ce, “Daga Kano aka kira ni.”

Suka cire rigar cikin ƙofar, Malam ya tokare wurin, ya fara bugu. Da farko lotsawar ta ɗan taso, har na fara murna. Can hannun ya kufce, fenti ya dare, wurin ya tsage kamar an ja wuƙa.

Alhaji ya dafa shi ya ce, “Haba Sabo, kar ka damu. Ai dama an yi odar sabuwar ƙofa, tana hanya. Irin wannan canzawa ake yi. Na ji an ce kana zaune ne, na ce bari ka ɗan motsa jini.”

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, “Alhaji, da sadaka za ka yi, ka aiko ta cikin ambulan. Mutumin nan aski ya yi saboda kiranka.” Malam ya ce, “Hajara, ya isa.” Ya mayar da guduma buhu, ya yi wa Alhaji godiya. An gyara mana ɗaki, na ce ba za mu kwana ba.

Komowa

Bayan la'asar muka samu mota. Wannan karon da kansa ya miƙa buhun aka sa a but. Har muka wuce Jaji, muka wuce Tashar Yari, yana ta danne hannun a ƙarƙashin cinya. Ana kiran isha muka shiga lungunmu.

Washegari bai fito ko zaure ba, haka ma ranar da ta biyo baya. Sai na ɗauki babban farantin ƙarfen da uwata ta sa min a kayan ɗaki, na zaga bayan madafi na maka shi a bakin turmi. Na kai masa na ce, “Malam, ya faɗo daga kanta.”

Ya juya shi, ya shafa lotsawar, ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Wannan bugun hannu ne, Hajara. Ke ma kin zama Alhaji Habu.”

Ya ce, “Miƙo buhun.”

Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin bugun daga zaure, yana yi yana tsayawa. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa direbobin da suka ɗauke mu. Alhaji Habu kuma, idan wannan ta isa gare shi, ya yafe min bakina.